Ma'anar kalmar Jamusanci "erlangen" da yadda ake amfani da ita

Gabatarwa

Kalmar "samu" a Hausa tana ɗaukar kaya da yawa. Mutum yakan samu kuɗi, ya samu ɗa, ya samu sauƙi, ya samu takardar gona. A zancen baki wannan ba ya kawo ruɗani, domin mai magana da mai saurare suna ganin juna, in wani abu ya shige duhu sai a yi tambaya. Takarda kuwa ba ta amsa tambaya. Abin da aka rubuta a cikinta, shi alƙali zai karanta ranar da rigima ta tashi. Saboda haka harsunan da aka daɗe ana rubuta doka da su sun rarraba "samu" gida-gida. Samun kyauta yana da kalmarsa, samun saye yana da tasa, samun da aka yi wa fafutuka shi ma yana da tasa.

Wannan shafi zai yi muku bayanin ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi, wato kalmar Jamusanci erlangen. Za ku ga yadda ake faɗinta, da ma'anarta, da wurin da ta dace, da wurin da ba ta dace ba. Daga nan za mu dawo gida, mu duba takwarorinta na Faransanci da ke cikin takardun hukuma na Nijar, domin su ne kuke sa wa hannu.

Me ya haɗa mutumin Gure da Jamusanci?

Hulɗar ta daɗe. A watan Disamba na shekarar 1852 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gure a kan hanyarsa daga Kukawa ta Barno, wadda a lokacin ita ce mazaunin sarkin Muniyo. Ya isa Damagaram ranar 25 ga wannan wata. Barth ya koyi Hausa da Barbarci, ya kuma tattara kalmominsu a rubuce. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani saurayi haifaffen ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. Wani malamin mishan haifaffen Jamus, James Frederick Schön, ya rubuta labarai da tatsuniyoyi daga bakin Dorugu, aka buga su a littafin Magana Hausa a 1885. A 1906 kuma Adam Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Berlin.

A zamanin da ya biyo baya, gidan rediyon Deutsche Welle, wato Muryar Jamus, ya buɗe sashen Hausa a 1963. Hukumar Jamus ta taimakon raya ƙasa, GTZ, wadda aka kafa a 1975, ta yi shekaru tana aiki a Nijar a fannin noma, ruwa da ilimi. A farkon 2011 aka haɗe ta da wasu hukumomi biyu, suka zama GIZ. Banda wannan, akwai ƴan Nijar da suka tafi Jamus karatu ko neman abinci, waɗanda takardun da ke hannunsu da Jamusanci aka rubuta su. Mutanen can sun ɗauki wahalar koyon kalmominmu tun fiye da shekara 170. Ba laifi mu ma mu san tasu ko da guda ɗaya, mu san ta sosai.

Yadda ake faɗinta

Kalmar tana da gaɓa uku: er, lang, en. Ana ɗora nauyin murya a kan gaɓa ta tsakiya. Gaɓar farko ana faɗinta da sauƙi, harafin "r" ba ya karkarwa. Haruffan "ng" kuwa sauti ɗaya ne, mai fitowa ta hanci, irin wanda kuke ji a ƙarshen kalmar "can" idan kuka ce "yana can". Ba a furta "g" daban kamar yadda ake yi a kalmar "ganga".

Akwai wani gari a jihar Bayern ta kudancin Jamus, kusa da Nürnberg, mai suna Erlangen. Rubutunsu ɗaya ne, amma ba su da dangantaka ta ma'ana. Sunan garin yana farawa da babban baƙi, kuma nauyin muryarsa yana kan gaɓar farko. Idan kuka ga Erlangen a bayan ambulan tare da lambobi, adireshi ne.

Asalin kalmar

Erlangen kalmar aikatau ce, wato kalma mai nuna aiki, kamar "tafi" ko "saya". An gina ta da abu biyu. Na farko shi ne langen, ma'anarsa miƙa hannu zuwa ga abu. Wannan kuwa ɗan'uwan kalmar lang ne, wato "dogo". Na biyu shi ne ɗan guntun er da aka liƙa a gaba.

Aikin wannan guntu ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. Ku duba "sha" da "shanye", ko "nema" da "nemo". Wanda ya nema yana iya dawowa hannu wofi. Wanda ya nemo kuwa ya dawo da abin. Hausa tana canza ƙarshen kalma don ta nuna aiki ya kai ga biyan bukata, Jamusanci kuma yakan liƙa er a farkonta don ya nuna haka. Ga misalai:

arbeiten, yin aiki. Erarbeiten, samun abu ta hanyar aiki.
kämpfen, yin gwagwarmaya. Erkämpfen, samun abu ta hanyar gwagwarmaya.
langen, miƙa hannu. Erlangen, miƙa hannu har a kai ga abin.

To, wannan shi ne tushen ma'anar. Ku ɗauki misalin mai hawan dabino a kwarurukan ƙasar Gure. Wanda ke zaune a gindin itace dabino ya faɗo masa, ya samu. Wanda ya hau ya miƙa hannu ya tsinko, shi ma ya samu. A Hausa duka biyu "samu" ne, amma hoton da ke cikin erlangen na mutum na biyu ne.

Ma'anarta da inda ake amfani da ita

Erlangen tana nufin abu ya shigo hannun mutum ko ya tabbata gare shi, galibi bayan ƙoƙari, ko jira, ko cika sharuɗɗa. Kalma ce ta rubutu da ta manyan wurare: kotu, ofis, jami'a, jarida, littafin tarihi. Ba a cika jin ta a kasuwa ko a hirar gida ba. Yawancin abubuwan da ake haɗa ta da su ba a ɗaukar su a hannu, kamar ƴanci, haƙƙi, sani, suna da matsayi. Ga jimloli da fassararsu:

Niger erlangte am 3. August 1960 die Unabhängigkeit.
Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960.

Die Partei erlangte die Mehrheit.
Jam'iyyar ta samu rinjaye.

Das Urteil hat Rechtskraft erlangt.
Hukuncin ya tabbata, wato ba sauran ɗaukaka ƙara.

Die Behörde hat davon Kenntnis erlangt.
Hukuma ta samu labarin al'amarin.

Er hat die Staatsbürgerschaft erlangt.
Ya samu zama ɗan ƙasa.

Ku lura da jimla ta ƙarshe. Zama ɗan ƙasar Jamus ga baƙo abu ne mai sharuɗɗa. Bisa dokar da ta fara aiki ranar 27 ga Yuni 2024, sai mutum ya yi shekara 5 yana zaune a ƙasar bisa izini, a maimakon shekara 8 da ake bukata a da. Sai kuma ya nuna ya iya harshen, yana kuma iya ciyar da kansa. Kalmar da kanta tana gaya muku cewa akwai hanyar da ake bi. Duk wanda ya ce zai sayar muku da irin wannan takarda a tasha, ku san ƙarya yake yi.

Akwai kuma wiedererlangen. Kalmar wieder tana nufin "sake", saboda haka ma'anar ita ce sake samun abin da ya kuɓuce. Likita yakan rubuta: Der Kranke hat das Bewusstsein wiedererlangt, wato majinyacin ya farfaɗo daga suma. Da ita kuma ake ba da labarin yadda Jamus, wadda aka raba biyu bayan yaƙin duniya na biyu, ta sake haɗewa ranar 3 ga Oktoba 1990, ta kuma sake samun cikakken ikon kanta.

Sunan da aka ciro daga kalmar shi ne die Erlangung, wato "samun". Za ku gan shi a shafin farko na kundin da ɗalibi ke rubutawa don neman digirin dakta a jami'o'in Jamus, inda ake bayyana cewa an yi aikin ne don samun wannan matsayi.

Yadda take sauyawa

Kamar yadda Hausa ke cewa "na samu, ka samu, sun samu", haka Jamusanci ke yi, sai dai a can ƙarshen kalmar ne ke sauyawa.

ich erlange, ina samu
du erlangst, kana samu ko kina samu
er erlangt, yana samu. Sie erlangt, tana samu
wir erlangen, muna samu
ihr erlangt, kuna samu
sie erlangen, suna samu

Don nuna abin da ya wuce akwai hanya biyu. A littafin tarihi da jarida ana rubuta erlangte ga mutum ɗaya, erlangten ga jama'a. A wasiƙa da zance kuma ana cewa hat erlangt ko haben erlangt. Yawancin kalmomin aikatau na Jamusanci sukan ɗauki ge a gaba a wannan siffa ta biyu, amma masu farawa da er ba sa ɗauka. Saboda haka erlangt ne daidai.

Kullum kalmar tana bukatar a ambaci abin da aka samu. Ba a cewa er erlangt a tsaya, kamar yadda in mutum ya ce muku "ya mallaki" ya yi shiru za ku tambaye shi, "Ya mallaki me?"

Inda ba ta dace ba

Ba kowane samu ne erlangen ba. Ba a amfani da ita ga burodi, ko tukuici, ko zazzaɓi, ko haihuwa. Wanda ya ce ya yi erlangen na burodi zai ba Bajamushe dariya, kamar mutumin da ya sayo ƙosai na dala biyar ya ce ya cimma burinsa na mallakar ƙosai. Maganar ba ƙarya ba ce, amma rigar ta fi ƙarfin mai ita. Ga ƴan'uwanta da aikin kowace:

bekommen ita ce "samu" ta yau da kullum. Ich habe ein Geschenk bekommen, na samu kyauta. Da ita ake cewa mace ta samu ɗa, ko yaro ya kamu da zazzaɓi.

kriegen ma'anarta ɗaya da bekommen, amma ta hira ce tsakanin abokai. Ba a sa ta a wasiƙar ofis.

erhalten ita ce "karɓa" ta ladabi. Wir haben Ihren Brief erhalten, mun karɓi wasiƙarku. Abin ya iso ne daga hannun wani.

erwerben ita ce mallaka ta hanyar saye ko aiki ko koyo. Der Bauer hat ein Feld erworben, manomin ya mallaki gona.

erreichen ita ce "cimma" ko "kai ga", kamar cimma buri ko isa wani wuri.

Idan za a taƙaita: da bekommen da erhalten abin ne ya zo muku, da erwerben kun biya kuɗi ko gumi, da erlangen kuwa kun kai ga wani haƙƙi ko matsayi.

Hattara da masu kama da ita

Akwai kalmomi uku da suka yi kama da erlangen a ido, amma ma'anarsu daban.

Ta farko ita ce verlangen. Harafi ɗaya ne ya raba su, harafin "v", wanda Jamusawa ke faɗi kamar "f". Ma'anarta neman abu daga wurin wani, ko tilasta shi ya kawo. Der Beamte verlangt einen Ausweis, ma'aikacin yana bukatar a nuna masa katin shaida. Ku duba girman bambancin. Idan wasiƙa ta ce an yi verlangen na kuɗi, ku ake nema ku biya. Wanda ya yi gaggawar karatu ya tsallake harafin farko zai zauna jiran kuɗi, alhali shi ake bi bashi.

Ta biyu ita ce gelangen, wato isa wani wuri. Wir sind nach Zinder gelangt, mun isa Damagaram.

Ta uku ita ce belangen, wato kai mutum gaban shari'a.

Darasin nan ya wuce Jamusanci. A Hausa ma ƙugiyar da ke kan baƙi ita ce ta raba "kafa" da "ƙafa", ta raba "daki" da "ɗaki". Mai koyon karatu ya saba wa idonsa da bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, musamman a takardar da ta shafi kuɗi ko gona.

Samu ba shi ne halal ba

Kada ku ɗauka duk inda aka rubuta erlangen an yaba wa mai samun. A harshen shari'a kalmar tana nuna cewa abu ya shiga hannun mutum, ko da hanyar ba ta da kyau. Kundin dokokin zaman jama'a na Jamus, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1900, ya yi amfani da ita a sashe na 812. Abin da sashen ke nufi shi ne, wanda wani abu ya shiga hannunsa daga dukiyar wani ba tare da dalili na shari'a ba, wajibi ne ya mayar. Misali, in an yi kuskure an aika muku kuɗin wani ta waya, kuɗin sun shigo hannunku, amma ba su zama naku ba.

Wannan ba sabon abu ba ne gare ku. Wanda ya tsinci akuya a daji ya san cigiya ta wajaba a kansa. Abin da ake so ku riƙe shi ne, a gaban doka tambaya biyu ce. Ta farko, me ya shigo hannunka? Ta biyu, ta wace hanya ya shigo? Amsar ta biyu ita ce ake rubutawa a takarda.

Mu dawo gida: takardun Nijar

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma takardun da suka taru a akwatunanku tun shekaru, da Faransanci aka rubuta su. Faransanci ma ya rarraba "samu" kamar yadda Jamusanci ya yi:

recevoir, karɓa, takwarar bekommen da erhalten.
acquérir, mallaka ta saye ko makamancinsa, takwarar erwerben.
obtenir, samu bayan an nema an cika sharuɗɗa, ita ce mafi kusa da erlangen.

Akwai kuma délivrer, wadda ke nuna aikin hukuma na bayar da takarda. Ku ne kuke yin obtenir, hukuma ce ke yin délivrer. Duk inda kuka ga obtenir ko obtention a jikin allon sanarwa na ma'aikatar magajin gari ko na kotu, ku san jerin sharuɗɗa na biye. Ku karanta su, ko ku sa a karanta muku, kafin ku biya kuɗin mota daga Kelle ko Gidigir ko Bune zuwa Gure.

Misali na farko shi ne takardar haihuwa. Haƙƙin kowane yaro ne, amma ba ta zuwa gida da kanta. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 don a sanar da haihuwa. Wanda ya sanar a cikin wa'adi, a asibiti ko a wurin mai ɗaukar sanarwa na ƙauye, zai samu takardar cikin sauƙi. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, sai ya bi ta gaban alƙali da shaidu, a yanke hukuncin da ke tabbatar da haihuwar. Da takardar haihuwa ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da katin ɗan ƙasa, da ita kuma ake yi wa yaro rajistar jarrabawa. Rashinta yakan tsayar da ɗalibi mai ƙoƙari a daidai lokacin da karatunsa ya fara nisa.

Misali na biyu shi ne gona. Dokar karkara, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993, ta kafa hukumomin kula da filaye. Akwai na ƙauye da ake kira COFOB, na ƙaramar hukuma da ake kira COFOCOM, da na gunduma da ake kira COFODEP. Dokar ta amince da mallakar gargajiya, amma tana so a rubuta ta. Takardun da ake bayarwa sun bambanta bisa hanyar da gonar ta shigo hannu:

détention coutumière, riƙon gargajiya, kamar gonar gado.
vente, sayarwa.
donation, kyauta.
prêt, aro.
location, haya.
gage, jingina.

Uku na farko suna nuna mallaka. Uku na ƙarshe suna nuna amfani na wani lokaci, gonar kuwa tana nan ta mai ita. A zancen baki mutum shida za su ce "na samu gona", a takarda kuwa kowannensu da matsayinsa. Ku ɗauka wani manomi ya ba maƙwabcinsa aron wani yanki a cikin kwari, aka shekara ashirin ana noman rogo ana dasa dabino, ba a rubuta komai ba. Bayan duka biyun sun rasu, ƴaƴan wannan su ce aro ne, ƴaƴan wancan su ce kyauta ce. Shaidun da suka ji maganar sun tsufa ko sun mutu. A ƙasar da rairayi ke cinye kwaruruka, inda ƙasar noma mai ruwa ba ta da yawa, irin wannan gardama takan raba zumunci. Kalma ɗaya da aka rubuta tun farko, prêt ko donation, da ta kashe maganar.

Wannan ya shafi mata ƙwarai. Matar da ta gaji gona, ko ƙungiyar mata da aka ba fili don lambu, su tambaya a fili: kyauta ce ko aro? In aro ne, na shekara nawa? Idan an haƙa rijiya an kewaye filin da waya, sannan mai shi ya ce yana son abinsa, wahalar da aka sha ta tafi a banza.

Shawarwari kafin ku sa hannu

1. Ku nemi kalmar aikatau da ke cikin takardar. Ita ce ke faɗin wanda zai bayar da wanda zai karɓa.
2. Ku tambayi mai fassara ainihin kalmar da aka rubuta. In ya ce muku "za ku samu", ku ce masa, "Samun kyauta, ko na aro, ko na bashi?"
3. Idan takardar aikin taimako ce, ku tambayi sharuɗɗan. Sau da yawa akwai kason da jama'a za su kawo, na kuɗi ko na aikin gayya.
4. Kada ku dangwala yatsa a takardar da aka bar gurbi a cikinta.
5. Ku karɓi kofinku, ku adana shi a leda, nesa da ruwa da gara.
6. Idan takarda ta zo da harshen da ba wanda ya iya a garinku, kada ku yi hasashe. Ku kai ta wurin wanda ya iya, ko da za ta kwana biyu.

Gwada kanku

Ga jimloli huɗu. A kowace, ku faɗi kalmar Jamusanci da ta fi dacewa: bekommen, erwerben, erlangen ko verlangen.

1. Yarinya ta samu tukuici ranar salla.
2. Makiyayi ya sayar da raƙumi ya sayi fili.
3. Ƙasa ta samu ƴancin kai.
4. Jandarma ya ce direba ya nuna takardun mota.

Amsa: ta farko bekommen, domin tukuicin ne ya zo mata. Ta biyu erwerben, domin ya biya. Ta uku erlangen, domin matsayi ne da aka kai gare shi bayan fafutuka. Ta huɗu verlangen, domin nema ake yi daga wurin direba.

Idan kuna aji, malaminku ya sa kowa ya kawo misali ɗaya daga rayuwarsa: abu ɗaya da ya zo masa, abu ɗaya da ya saya, da abu ɗaya da sai da ya bi hanya ya cika sharuɗɗa kafin ya same shi. Ku rubuta su a allo da Hausa, ku sa kalmar Faransanci a gefen kowane.

Kammalawa

Hausawa na cewa mai nema yana tare da samu. Karatun da kuke koya a ajin yaƙi da jahilci yana cikin abubuwan da Bajamushe zai yi wa amfani da erwerben ko erlangen, domin ba wanda aka taɓa miƙa wa shi a ƙwarya. Kun baro gona ko kasuwa ko girki kun zo kun zauna a tabarma, kuna haɗa baƙi da wasali har suka zama kalma. Ku fara amfani da shi a kan takardun da ke cikin gidajenku. Ku fito da takardar gona, da takardun haihuwar ƴaƴanku, ku duba abin da aka rubuta. Wanda ya ga akwai yaron da ba shi da takarda, ko gonar da ba a rubuta ba, ya tafi wurin mai gari ko ma'aikatar magajin gari ya tambayi sharuɗɗan tun kafin bukata ta taso.